Takalmin da Hanyar Sama ta Ci

Samarin yanzu idan suka ji na ce dukanci na yi duk tsawon rayuwata, kuma a dukancin ma takalmi kaɗai na riƙe, sai su yi ɗan murmushin nan nasu. A ganinsu aikin bai wuce mutum ya yanki tsohuwar taya ya huda ya zura igiya ba. To bari in gaya muku, a zamaninmu baduku ba ƙafa yake fara aunawa ba, hanya yake fara aunawa. Kafin in taɓa wuƙa sai na tambayi mutum inda za shi. Takalmin mai zuwa gona daban, na mai bin kasuwanni daga Wurno zuwa Goronyo daban, mai niyyar Makka kuwa shi ne babban baƙo, har tabarma ake sake masa. Sunana Labbo, kuma a rumfata da ke bakin kasuwar Wurno aka taɓa auna nisan da ke tsakanin Kano da Jidda ta sama, da ƙirgi da basilla. Mutane sun yi dariya har sun gaji, ni kuwa har gobe ban yarda lissafina ya kuskure ba.

A Rabah na koyi sana'a, a hannun ƙanen mahaifiyata, Kawu Barmo, wani ɗan siririn tsoho mai faɗan tsiya. Damina ta zo ta wuce, aka yi kaka, bai bar ni na riƙe wuƙa ba. Aikina shi ne in yayyafa ruwa a gaban rumfa, duk wanda ya zo neman takalmi ya taka ƙasar, ni kuma in tsuguna in yi ta kallon sawun.

"Mi kag gani?" in ji Kawu.

"Ƙahwa, Kawu."

"Akuya ma ta ga ƙahwa. Duba da kyau. Wanga mutum da gehe shika takawa. In ba ka ƙara mai hwata nan ba, kahin shi kai garin Rara ya koma tahiya awa kaguwa."

Haka na koyi cewa masunci yatsunsa a baje suke saboda taɓon gulbi, Bafillace da ƙyar yake taɓa ƙasa da dunduniya, attajiri kuwa dunduniyar ce ke fara sauka, da ƙarfi, don a san ya iso.

Takalmin farko da na ɗinka ban manta shi ba, ina jin karnukan Rabah ma ba su manta ba. Kawu ya shimfiɗa mini ƙiraga biyu da majema suka kawo, ya ce in zaɓa. Na zaɓi mai taushin, don ya fi daɗin yanka. Ya bar ni na yanka, na ɗinke, na sa a ƙafata ina taƙama, sannan ya aike ni Rara da tsakar rana. Ashe jimar ba ta nuna ba, bagaruwa ba ta ratsa fatar ba. Da rana ta dake ta sai ta fara bayyana halinta. Kare ɗaya ya biyo ni, ya kira 'yan'uwansa, kafin in kai rabin hanya har ungulu ta fara shawagi a kaina. Wata tsohuwa da ke tsinkar yakuwa ta toshe hanci ta tambaye ni ko rasuwa aka yi. Na dawo ba takalmi, ƙaya ta yi mini kaca-kaca. Kawu ya ce, "Yanzu ka san ƙirgi sansana shi aka yi kahin a saye." Daga ranar ya ba ni wuƙa tawa ta kaina.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne yana da hali. Akwai wuƙar yanka, wadda ba a ba kowa aro, ko uwarka ce ta zo yankan kuɓewa. Akwai basilla, da guduma, da gungumen da ake dukan fata a kai har ta haɗe ta daina numfashi. Ƙirgin bayan bijimi ake nema, ban da na ciki, don na ciki ragon fata ne, yana miƙewa. A jera shi hawa uku, a ɗinke da siririn zaren fata, a shafe da man shanu a bar shi a inuwa ya sha. Sai a zo kan hanci, wato igiyar nan da ke shiga tsakanin babban yatsa da mai bi masa. Nan ran takalmi yake. In hanci ya yi kauri ya yanke mutum, in ya yi siriri ya tsinke a inda babu baduku. Wanda ya iya hanci ya iya dukanci, saura duk kwalliya ce.

A wancan lokaci yawancin masu zuwa Makka daga ƙasarmu da ƙafa suke tafiya, jaki na ɗauke da kaya. Su bi Kano, su bi Barno, su faɗa ƙasar da Faransa ke mulka, su ratsa Sudan suna tsayawa ƙodago a gonakin mutane, har su kai bakin teku inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Wani ya shekara biyu, wani ya dawo da furfura, wani kuma sai dai labari. Kawu Barmo bai taɓa wuce Sakkwato ba, amma ya san hanyar nan tsaf, don duk wanda ya dawo sai ya zaunar da shi ya tambaye shi inda kowane takalmi ya mutu. Na farko bayan Kano yake mutuwa, na biyu a yashin Barno, haka har zuwa can. Da wannan ya tsayar da cewa daga ƙasarmu zuwa Makka ƙafa bakwai ne, wato hagu da dama sau bakwai. Mai kasala ya ci shida, mai jan ƙafa ya nemi na takwas, amma mutumin kirki bakwai yake ci.

Muna da wata al'ada kuma. Takalmin ƙarshe, wanda ya shiga Makka, ba a yar da shi. Alhaji zai dawo da shi a naɗe cikin tsumma, a kira badukun da ya ɗinka ya duba ƙasansa, ya ce, "Hanya ta ci." Sai mata su rangaɗa guɗa, a rataye shi a zaure, ƙasan yana kallon waje don kowa ya ga hujin. Malamai sun sha gaya mana wannan ba addini ba ne, mu ma mun sani, amma tsofaffi sun riƙe shi gam, mu dukawa kuwa ba mu ga dalilin da za mu yi musu da su ba.

Mummunar shekarata ta zo ana saura kaɗan Turawa su tattara nasu ya nasu. Na riga na dawo Wurno na buɗe rumfata. Kantunan Turawa suka dinga kwashe ƙiraga tun daga hannun mahauta, sai tarkace ke isowa gare mu. Motoci suka yawaita, suka zo da tsofaffin tayoyi, kowane ɗan iska da wuƙa ya zama baduku. Masu niyyar Makka ma suka fara hawan bayan babbar mota. Rumfata ta koma wurin kwanan awaki. Ni da na ɗinka wa alhazai, na koma facin guga. Abin ya ci raina ƙwarai, har gaisuwa na daina amsawa da kyau.

Ana cikin haka, wata ranar kasuwa, sai ga Malam Haliru mai albasa daga Goronyo. Ƙaton mutum ne, muryarsa tana riga shi isa wuri, ga cika baki. In ya ba da labarin kada da ya gani a gulbi, kafin ya gama labarin kadan ya ƙara tsawo sau biyu. Mahaifinsa, marigayi Alhaji Sanda, da takalman Kawu ya je Makka, kuma na ƙarshen yana nan rataye a zaurensu. Mahaifiyarsa Inna Dije tana raye, tsohuwa ce mai taurin kai da duk Goronyo ke shakka. Haliru shi ne ɗanta na fari, saboda haka tun da ta haife shi kunya ba ta bar ta ta faɗi sunansa ba. Yana ƙarami "kai wanga" take ce masa, da ya girma ya zama "mai albasa".

Ya zauna, gungumena ya yi ƙara. Ya ce, "Labbo, Makka za ni bana."

Na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi a ranar zafi. Na ce, "Alhamdu lillahi! Ƙahwa bakwai ke nan. Jaki ko raƙumi?"

"Jirgin sama. Daga Kano sai Jidda."

Na ajiye basilla.

Ya ce, "Inna tac ce ba ni hita gida sai da takalmin gidan Barmo, awa yadda Baba yay yi. To gaya mani, hanyas sama ƙahwa nawa taka ci?"

Ku da kuke ganin aikin banza ne, ku amsa mana. Baduku ba ya cewa bai sani ba, ballantana baduku mai yunwa. Na ce masa ya dawo kasuwa mai zuwa. Na aika Rabah aka ɗauko Kawu a kan jaki, lokacin idanunsa sun yi rauni amma bakinsa yana nan yadda yake. Na kuma kira Sambo direba, mai kai albasa Kano, don shi kaɗai ne a cikinmu ya taɓa ganin jirgin yana tsaye a ƙasa.

Ranar aka cika rumfa, har masu sayar da goro suka bar farantansu. Sambo ya fara bayani yana ɗaga hanci. Ya ce ya ga abin da idonsa, kujeru ne a ciki, mutane zaune suke, kuma in ya tashi yau da safe, gobe war haka yana Jidda. "Ba a taka komi ba, Baba. Takalmi guda ma ya yi yawa."

Kawu ya ce, "Ƙarya ta. Ba a zuwa wuri ba a taka komi ba. Mai raƙumi zaune shike, amma je ka dubi takalminai inda shika guga wuyan raƙumi."

Ya sa aka kawo masa ƙwarya da faifai. Ya kife ƙwaryar a kan faifan ya ce faifan shi ne ƙasa, ƙwaryar ita ce sama. Ya ɗora yatsa a gefe guda ya ce nan Kano, ɗaya gefen kuma Jidda. Sannan ya tambayi jama'a, tururuwar da ta bi ta ƙarƙashin ƙwarya da wadda ta hau ta kanta, wace ce ta fi shan tafiya? Kowa ya ce wadda ta hau. Kawu ya ce, "To hanyas sama ta hi nisa." Aka yi kabbara.

Ni kuma na juya wajen direban na tambaye shi, "Sambo, tsakaninka da Allah, mi ka cin taya?"

Ya ce, "Gudu."

"In ka yi a hankali hwa?"

"Tana daɗewa."

Shi ke nan ya kashe kansa da bakinsa. Na miƙe na yi wa jama'a lissafi. Makka ba ta matso ba, tana inda Alhaji Sanda ya same ta. Hanyar da mai ƙafa ke ci a shekaru, jirgi zai haɗiye ta a wuni da kwana, kuma duk za ta wuce ne ta ƙarƙashin ƙafar Malam Haliru da gudun da ba a taɓa gani ba. Saboda haka bakwai ɗin nan suna nan daram, sai a ƙara ɗaya na hawa da ɗaya na sauka. Ƙafa tara. Kawu ya gyaɗa kai, abin da bai taɓa yi mini ba tun da nake.

Na ja Malam Haliru gefe na yi masa gargaɗi irin na sana'a. Na ce ya ajiye buhun takalman kusa da shi, da ya ji tafin ƙafarsa ya ɗauki ɗumi ya yi maza ya sake wani.

Ya ce, "In ya huje ban sake ba hwa?"

Na ce, "To ƙahwakka hanya za ta hwara ci."

Ya ƙyalƙyale da dariya ya ce shi da ya yi kokawa da kada, amma na ga ya ɗaga tafin ƙafarsa ya duba.

Aikin nan shi ne mafi kyau da hannuna ya taɓa yi. Na bi majema har gida na ƙwato ƙirgin wani bijimi da suka ɓoye wa Bature. Na sansana shi ciki da waje. Na yi hawa huɗu maimakon uku, tunda gudu za a sha. Na dake shi a kan gungume har maƙwabta suka kawo ƙara, na murza hanci da hannuna ina gwadawa a haƙori. Da na gama, takalmin in ka jefi kare da shi sai ya suma. Aka zuba a buhu, aka raka Malam Haliru tasha da addu'a, yana ta gaya wa mutane cewa shi barci zai yi har Jidda.

Bayan Babbar Salla da 'yan makonni ya dawo, fari fat, da rawani irin na Larabawa da haƙorin Makka yana walƙiya. Goronyo ta ɗauka. Ya zauna a zaure yana ba da labari, ya ce jirgi ba komai ba ne, tun da ya zauna ya yi barci kamar jariri, sai tashinsa aka yi aka ce ga Jidda. Ni ina Wurno ina jiran a aiko in je duba takalmi. Shiru. Sai daga baya labari ya iso ni. Buhun ya dawo da ƙafa takwas ko sawa ba a yi ba. Wanda ya sa kuma, Inna Dije ta karɓa ta dubi ƙasansa yadda aka saba, ta ga ko ɗinkin bai goge ba, ta miƙa masa abinsa. Liman da kansa ya je ya gaya mata hajji ya cika, babu ruwan hajji da takalmi.

Ta ce, "Ni ban yi gardama da Liman ba. Allah shi karɓa. Amma maratayin can na takalmin da hanya tac ci na. Wanga ko kasuwa bai tahi ba."

Ta ci gaba da kiransa mai albasa. Duk gari na ce masa Alhaji, har 'yan dako, amma bakin da yake so ya ji daga gare shi ya ƙi. Ya girma ya tara iyali bai taɓa jin uwarsa ta kira shi da suna ba, ga suna ya samu wanda babu kunya a cikinsa, ta kuma hana shi. Mutumin nan ya rame. Masu tsokana suka fara ce masa Alhajin Kano a bayan idonsa.

Wata rana da azahar, kasuwa ta fara watsewa, sai ga shi a rumfata da ƙunshi a hamata, muryarsa ta koma ta mutum ɗaya. Ya ce ya ɗauki ɗaya daga cikin na buhu ya yi gwaji da shi. Kullum da safe sai ya taka daga Goronyo zuwa Rimawa ya dawo yana jan ƙafa, har mutane suka zaci aljanu ne. Takalmi ko a jikinsa. Ya ɗaura wa jaki a ƙafa, jakin ya harbe shi a cinya ya kuma kwanta ya ƙi tashi. Ya jiƙa a gulbi ya shanya a rana, sai ƙara tauri ya yi.

"Wane irin mugun aiki na wanga, Labbo? Takalminka ba shi mutuwa!"

Gaskiya na ji daɗi, ban taɓa samun yabo irin wannan ba. Ya kwance ƙunshin ya fito da ainihin wanda ya je Makka da shi, ya ce in taimake shi in goge ƙasan da dutse har ya huje. Na ce a'a. Na ɗaya, baduku ba ya kashe aikinsa da hannunsa. Na biyu, Inna Dije ta yi niƙa a kan dutse tun kafin a haife mu, in ta ga gugar dutse za ta gane ta tun daga ƙofa. Ina wannan magana ina jujjuya takalmin a hannuna, sai na dubi samansa, inda ƙafa ke zama.

Ramuka ne biyar a kowane ɗaya, daidai inda yatsu ke sauka, masu zurfin da in ka jefa ƙwayar gujiya sai ta zauna. Hancin da na gwada a haƙorina ya miƙe ya yi siriri, saura ƙiris ya tsinke. Wurin dunduniya ya yi baƙi da gumi har gishiri ya fito. Mai tafiyar ƙasa sai ya kai Sudan kafin yatsunsa su yi rabin wannan.

Na ce, "Alhaji, kac ce kwana kay yi cikin jirgi?"

Ya dubi hagu ya dubi dama, ya matso. Ya ce a filin jirgin Kano aka ɗora buhunsa a kan sikeli, aka ɗauke aka jefa a cikin tumbin jirgi. Ya yi magiya, ya yi bayani, ma'aikatan suka yi ta dariya. Aka bar shi da ƙafa ɗaya tak a kan hanyar ƙafa tara. Da jirgin ya tashi sai ya ji ƙasan yana rawa yana gurnani, ga wani ɗumi yana tasowa ta tafin ƙafarsa, daidai yadda na faɗa. Ya tabbata hanya ta fara ci. Sai ya damƙe takalmin da yatsunsa iya ƙarfinsa don kada ta fizge shi ta kai ga nama. Bai saki ba har Jidda. Ko da aka sauka wani gari shan mai, bai yarda ya tashi daga kujera ba. Da za a dawo aka sake raba shi da buhun, ya sake damƙewa.

"Yatsuna sun daɗe ba su miƙe ba, Labbo. Ɗawahin hwarko a tanƙwashe niy yi shi."

Na ce, "To ai ga ta nan, hanya ta ci. Ta ƙasa daga ƙasa taka ci, ta sama daga sama. Ba mu dai san inda za mu duba ba."

Fuskarsa ta washe, sannan ta sake haɗewa, don ya gane sauran. Inna za ta tambayi abin da ya yi ramukan, kuma ba ni zan amsa ba.

"Gaban mutane? Na riga na ce kwana niy yi."

Na ce masa ya zaɓa, ko ya riƙe barcinsa ko ya sami maratayi, ni dai ba zan iya ɗinka masa duka biyun ba. Sannan ya ce in zo ranar Juma'a, in taho da Kawu.

Bayan an sauko daga masallaci zauren ya cika. Ga Liman, ga dattawa, ga Sambo direba ya zo ganin ƙwal. Mata sun taru a bayan ƙofa. Inna Dije ta fito da sandarta ta zauna a kan tabarma, ƙarƙashin tsohon takalmin mijinta mai huji biyu. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye na ɗanta a gabanta, samansa yana kallon sama.

Ta ce, "Na Barmo, ka kihe shi. Ko kai ma tsuhwa ya kama ka?"

Na ce, "Inna, sa yatsa nan."

Ta sa. Ta bi ramukan ɗaya bayan ɗaya, ta ja hancin ta ga yadda ya sirance. Ta ɗaga kai. "Mi yay yi wanga?"

Haliru ya share gumi, ya gyara rawani, ya fara. Da farko can ƙasa yake magana, har Kawu ya daka masa tsawa ya ce ba a ji. Sai ya saki murya ya faɗi komai, da buhun, da gurnanin, da yadda ya riƙe hannun wani Bayarabe da bai sani ba har mutumin ya yi ƙara, da yadda ya karance duk addu'ar da ya iya har ya shiga ta shiga kasuwa. Jama'a suka fashe. Liman ya rufe fuska da gefen rawani kafaɗunsa na rawa, Sambo ya kwanta a ƙasa, mata a bayan ƙofa har da buga ƙyaure. Inna Dije kaɗai ba ta yi dariya ba.

Da aka lafa ta ce, "Mai gidan ga, Allah shi jiƙanai, da yad dawo ya gaya wa duniya teku ba komi ba ta. Ni yag gaya wa gaskiya cikin ɗaki. Yac ce tun da jirgin ruwa yat tashi shika kuka shina kiran uwatai. Hanyag ga ba a bin ta a dawo a ce ba a ji komi ba. Shi ya sa da nij ji batun kwana, nic ce wanga bai tahi ba."

Aka miƙa wa Kawu takalmin. Ya shafa, ya sansana, ya zura ɗan yatsa a ramin babban yatsa, ya ce, "Hanya ta ci." Guɗa ta tashi daga bayan ƙofa. Sambo ya ɗago daga ƙasa ya ce to sauran takwas ɗin fa? Na ce masa da ba a raba bawan Allah da buhunsa ba, da duk sun ci, kuma duk wanda ke musu ya je ya gwada. Har yau ba wanda ya gwada.

Inna Dije ta dogara sanda ta miƙe, ta ɗauki takalmin ta dubi maratayi. Ya yi mata nisa. Ta juya wajen ɗanta, ba ta dube shi a ido ba, ta ce, "Alhaji, taso ka rataye shi, kai ad da tsawo."

Ƙaton mutumin nan ya tsaya kamar an dasa shi. Hawaye suka zubo masa har cikin gemu, bai ko share ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya je ya rataye shi kusa da na mahaifinsa, amma sai ya juya ƙasan waje irin na dā.

Ta ce, "Alhaji, ba hakanan ba. Saman za ka juyo waje."

Ya sauke ya sake ratayawa, wannan karon a karkace.

"Alhaji, ya karkace."

Ni da nake kusa na ga bakinsa yana rawa yana ɓoye murmushi. Mutumin da ke jera buhunan albasa a mota ba ɗaya ya goce, ranar nan ya kasa rataye takalmi. Duk zauren muka gane abin da yake yi, Inna ma na tabbata ta gane, amma ba wanda ya tanka. Ya gyara ya ɓata, ya gyara ya ɓata, ita kuma tana tsaye a bayansa da sandarta tana cewa, "Alhaji, ɗan ɗaga na hagun."